Tomekichi da Buhun Takalman Jirgi

Mijina Tomekichi bai taɓa sanin fuskata sosai ba. Shekara hamsin da takwas muka yi tare a unguwar kan tudu a nan Moji, amma da za a jera mata goma a ce ya nuna matarsa, ƙasa zai duba. Ba kunya ba ce, ba kuma ladabi ba. Sana'a ce ta lanƙwasa masa wuya.

Tun bai yi gemu ba aka zaunar da shi a ƙofar gidan wankan bakin tasha yana karɓar takalman masu shiga. Aikin ba wani abu ba ne. Mutum ya tuɓe takalminsa, ka ɗaura wa takalmin ɗan allo mai lamba, ka miƙa masa ɗan'uwan allon. Ya fito ya ba ka allo, ka ba shi takalmi. Biri ma in an ba shi kwana uku zai iya. Amma Tome ya riƙe abin nan kamar shi aka damƙa wa hatimin ƙasa. Abin taƙamarsa a duniya guda ne: bai taɓa ɓatar da takalmin baƙo ba, bai taɓa ba wani na wani ba. In ya zauna shan giyarsa ta ƙarshen wata, maganar ke nan tun daga kofin farko har a kwashe shi.

Ni ma ta ƙafa ya same ni. A lokacin ina cikin matan da ke lodin kwal a jirage, kullum da yamma sai mun je wanka, in ba haka ba iyayenmu ma ba za su gane mu ba. Ran nan ya miƙo mini takalmina na katako, kansa a ƙasa, ya ce, "Naki yana cinyewa daidai, hagu da dama. Ba kya leƙen gidajen mutane."

Na ce, "Kai kuma bakinka ta gefe guda yake cinyewa, don shisshigi."

Mako bai zagayo ba sai ga gwaggonsa a gidanmu. Uwata ta ce, "Osute, karɓi abinki. Namijin da ba ya ɗaga kai ba zai hango wata ba." Ta wannan fannin dai ba ta cuce ni ba.

Bayan an haifi 'yarmu Fumi ya sami aiki a Shiogiri Maru, babban jirgin fasinja da ke zirga-zirga tsakanin nan da Kirun ta Taiwan. A sama masu hali ne da gadajensu, in sun ga dama su kwana da takalmi a ƙafa, ba ruwan kowa. A ƙasa kuwa ɗaki guda ne shimfiɗe da tabarmi, mutum ɗari biyu: 'yan kasuwar ayaba, ma'aikatan rake, ɗalibai, matan da ke dawowa gida haihuwa. Tabarma kuwa ba a taka ta da takalmi ko a tsakiyar teku ne. To a bakin wannan ƙofar Tome ya yi shekara goma sha huɗu. In ka tambaye shi yaya Taiwan take, sai ya ce mutanenta faɗin ƙafa gare su.

A kakar shekara ta biyu da fara yaƙi da Amurka, suna kan hanyar dawowa, ana cikin rabon shinkafar rana, jirgin ƙarƙashin ruwa ya sakar musu nakiya biyu. Cikin waɗanda suka tsira wasu sun ce wuta suka gani, wasu sun ce iyayensu da suka mutu suka gani. Na tambayi Tome shi me ya gani. Ya ce, "Ke dai bari. Takalma duk suka zubo suka cakuɗe."

Jirgi ya fara karkata, mutane suka yo ƙofa, sai suka tarar da mijina ya buɗe hannuwa yana ihu, "Allo, jama'a! Kowa ya fito da allonsa!" Abin da zan faɗa yanzu abin kunyar ƙasa ne baki ɗaya, ba na gidana kaɗai ba: mutane sun bi layi. Ruwa a idon sawu, suna layi. Wani tsoho ya laluba bai ga allonsa ba, ya rusuna ya ba da haƙuri, ya koma gefe yana nema don kada ya tsayar da na baya. Mutum ɗari da hamsin da tara Tome ya sallama da takalmansu kafin ruwa ya kai masa gwiwa. Sauran arba'in da ɗaya, wasu masu hankali ne da suka bangaje shi suka wuce ba takalmi, wasu kuma ba su fito daga ɗakin ba ko kaɗan.

Ya tattara abin da ya rage ya ɗura a buhun wanki, ya ɗaure, ya hau sama da shi. A bakin kwale-kwalen ceto wani ma'aikacin jirgi ya ce masa cikin girmamawa, "Tome-san, ko kai ko buhu." Ya ce to su je, ba ya sauri. Kwale-kwalen nan igiyarsa ta tsinke kafin ya taɓa ruwa, ya juye mutanensa. Shi kuwa da jirgi ya kwanta sai ya rungumi buhu ya faɗa teku. Takalmin katako ba ya nutsewa, balle na mutum arba'in a ɗaure wuri guda. Har ya mutu yana cewa shi ya ceci buhun. Ban taɓa gyara masa a gaban mutane ba, a gida nake gyara masa.

Mutum uku suka yi iyo suka kama buhun tare da shi. Ya ce su riƙe, amma kada wanda ya taɓa bakin ɗaurin. Kafin rana ta faɗi masunta suka tsince su, kowa da jirgin da ya ɗauke shi.

Kwana tara sai ga shi a ƙofa, sanye da rigar wani masunci, buhu a kafaɗa. Ni na riga na gama kukana na wanke fuska, har na kyautar da laimarsa. Kafin ya ce mini sannu ya ce in jawo ruwan rijiya, gishiri yana cin igiyoyin takalma.

Washegari wani jami'i mai takobi ya zo ya zauna a bakin ƙofa. Ya ce, "Shiogiri Maru bai nutse ba. Duk wanda ya ce ya nutse, abokan gaba yake yi wa aiki."

Tome ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, to yana ina? Ina da kayan mutane a hannuna."

"Yana bakin aiki."

Na ce, "To shi wannan da ya kwana yana aman ruwan gishiri a tabarmata fa?"

"Hutu yake yi."

"Waɗannan takalman da aka shanya a tsakar gida kuma?"

Ya dube su, layi huɗu a rana, kowanne da allonsa. Ya ce, "Ban ga takalma ba." Da zai tafi sai da ya tsallake su ɗaya bayan ɗaya kamar mai koyon rawa. Tome ya bi ƙafarsa da kallo ya ce mini, "Mutumin kirki ne, takalminsa ne ya matse shi."

Daga ranar mijina ba shi da wata magana sai ta mayar wa mutum arba'in da ɗaya takalmansu. Ya san kowane takalmi da ƙafar da ta tuɓe shi, ya kuma ji garuruwan wasu a hirar kwana uku da suka yi a bayan ƙeyarsa. Sauran, wani akawun kamfani da ya ji tausayinsa, ko ya gaji da shi, ya rubuta masa a ɓoye. Ya kafa dokarsa. Wanda ya mutu, a ba iyalinsa, don allonsa na tare da shi, ba ƙin bayarwa ya yi ba. Wanda ya tsira allonsa ya faɗa teku, ya tuɓe safa Tome ya duba ƙafa. Wanda allonsa ke hannunsa kuwa, allo a nan, takalmi a can, kamar kullum.

Ni ce 'yar rakiya, don in an bar shi shi kaɗai zai bi ƙafafun mutane har ya shiga jirgin ƙasan da ba nasa ba.

A wani ƙauye bayan Kurume muka kai na wani ɗan ayaba, Genroku. Matarsa ta jujjuya takalman ta ce ba na mijinta ba ne, ɗaya ya fi ɗaya tudu. Tome ya ce ai haka ƙafarsa take, ta hagu ta gaza ta dama da yatsa biyu, shi ya sa yake sa masassaƙi ya ƙara mata. Shekara ashirin da biyu suna tare, 'ya'ya bakwai. Sai matar ta ce, "Shi ya sa in ya fito wanka yake nufar bango." Sai a lokacin ta fashe da kuka. Muka ci dankalinta muka tafi.

Wata tsohuwa a Saga ko farcen ɗanta ba a kawo mata ba, tunda jirgi bai nutse ba. Ta karɓi takalmansa ta ce su za a yi wa jana'iza. Malamin haikali ya ce tulun toka ba zai ɗauki takalmi ba. Ta ce to a ƙone su tukuna kamar yadda muke ƙone kowace gawa. Aka ƙone, dangi suka jeru da dogayen tsinkaye suna tsintar abin da ya rage zuwa cikin tulu, kamar yadda ake tsintar ƙasusuwan mamaci. Ƙashin ƙafa ake fara ɗauka a ƙare da na kai, amma ran nan malamin ya ce tunda yake bai taɓa ganin gawar da aka fara a ƙafa aka ƙare a ƙafa ba. Tome dai kafin a sa wuta ya kwance allonsa ya sa aljihu.

Wani malamin makaranta da ya tsira ya nuna wani takalmin fata mai sheƙi ya ce nasa ne. Tome ya ce ya tuɓe safa. Ya duba, ya zura hannu cikin buhu ya zaro wani tsohon takalmin roba mai faci uku ya ajiye masa, ɗalibai na leƙe ta taga. Mutumin ya ce, "Ka san da wa kake magana?"

Tome ya ce, "Lamba sittin da biyu."

Ranar da jiragen sama suka ƙone Moji ya fita da buhu a ka, ya dawo ya ɗauki akwatin alluna, sannan ya leƙo ya ce, "Ke ba ki fito ba?" A sanyin da ya biyo baya ba itace ba gawayi, ga busasshen katako rabin buhu a gida. Na ce ko da guda ɗaya mu dafa shinkafa. Daga ranar ya mai da buhun matashin kai. Da yaƙi ya ƙare ya koma ƙofar gidan wanka, ba a daɗe ba suka kawo akwatuna masu mabuɗi kowa ya kulle takalminsa da kansa, suka ce Tome ya je ya huta. Ni na riƙe gida da tallan kifi, shi ya riƙe buhu.

Akwai na wani ɗalibi ɗan Taiwan da ya taso zai koyi aikin haƙori. Wannan sai da aka sake buɗe hanya Tome ya ba kukun wani jirgin ayaba ya kai. Bayan wata takwas kukun ya dawo da nonon ayaba daga uwar yaron. Tome ya hana a ci, wai shaida ce. Ya ajiye ta gaban hoton iyayensa har ƙudaje suka cinye shaida.

Cikin shekara goma sha biyu arba'in suka tafi. Saura ɗaya, lamba tamanin da huɗu, takalmin katako na mace mai jar igiya. Mai shi ba nisa take ba. In ka hau tudunmu ka dubi ƙetaren ruwa, Shimonoseki, kana hango rufin gidanta. Ungozoma ce mai suna Ritsu, ɗaya daga cikin ukun nan da suka riƙe buhu a teku. Tome ya bar ta ƙarshe don tana kusa, kuma an ce allonta yana nan. Wai ya rufe da mai sauƙi.

Muka je, ta kawo shayi. Tome ya kwance ƙyalle ya ajiye takalman gabanta, ya rusuna, ya miƙa tafi biyu. Ta jawo igiya daga wuyanta, ga allo nan duk shatin haƙori.

Ta ce, "Wannan? Wannan na ciza awa shida cikin ruwa don kada in datse harshena. Tunda na rataya shi jariri ɗari uku na karɓa, ko ɗaya bai zo ta ƙafa ba. Ba na ba da shi."

"Ritsu-san, allon jirgi ne."

"Jirgi ya zo ya karɓa."

"To ba zan iya ba ki takalminki ba."

"Wa ya ce maka ina nema? Ka gan ni ba takalmi?"

Na ce, "Tsoho, ajiye mata mu tafi, kada jirgin fito ya bar mu." Ya yi mini wani kallo kamar na ce ya sayar da kabarin uwarsa. Ya naɗe takalma muka dawo.

Shekara goma sha bakwai ana wannan. Duk shekara in ranar da jirgin ya nutse ta zagayo, don zuwa lokacin hukuma ta yarda ya nutse, sai ya goge takalman, ya ƙetara, ya ajiye, ya miƙa hannu. Ta nuna allo ta mayar cikin riga. Su sha shayi, su yi hirar ciwon gwiwa. Ya sa masassaƙi ya yi mata irin allon sak, har da shatin haƙori, ta ce wannan bai sha ruwan teku ba. Ta ce ya ɗauki hoton allon ya tafi da shi, ya ce hoto ba lamba ba ne. Ni tun shekara ta uku na daina zuwa, don kada in aikata abin da za a ɗaure ni.

Ana nan sai ya kwanta. Likita ya ce zuciya ce, kwana uku, a kira dangi. Dangi suka zo da baƙaƙen kayansu suka zauna. Kwana uku suka wuce, goma suka wuce. Shinkafata tana ƙarewa, mijin Fumi ya nemi hutun jana'iza har sau biyu. Tome yana kwance ido a rufe, in numfashi ya yi kamar zai tsaya sai ya ɗago yatsa ya nuna saman akwati inda takalmin yake. Likita ya ce a iya karatunsa mutumin nan ya kamata a ce ya riga ya tafi. Na ce ba zai tafi ba, bai tashi daga aiki ba.

Abin da na yi bayan nan ba don shinkafa kaɗai ba ne. Shekara hamsin ina zaginsa, amma ban taɓa so in gan shi yana jan numfashi kamar mai jan igiyar jirgi ba.

Na aiki Fumi ta ƙetara ta ce wa Ritsu mutumin yana son yi mata ban kwana, kada ta ji tsoro, ko hannu ba ya iya miƙawa. Ritsu ta zo da hantsi ana tsuga ruwa. Ta tuɓe takalminta a ƙofa, sabo fil, baƙin fata na zuwa gaisuwar mutuwa, ta shiga ɗaki. Ni kuma na jefa shi cikin kwandon cefane, na gangara tudu da waɗannan gwiwoyin nawa har gaɓar da muke lodin kwal a da, na wurga ɗaya gabas ɗaya yamma. Ruwan nan namu gudu yake yi, ba ya mayar da abin da ya karɓa. Na dawo na haɗa shayi.

Da za ta tafi ta tsaya a ƙofa tana dube-dube.

"Osute-san, ina takalmina?"

"Wane iri ne?"

"Kin san ko wane iri ne."

"Karnukan unguwar nan ba su da tarbiyya."

Ta nemi aron na Fumi, ya yi mata kaɗan. Ta nemi na dangi, na riga na sa an kwashe an kulle. Na ce, "A duk gidan nan takalmi ɗaya ne daidai ƙafarki. In ba ki so, ga hanya nan, ki taka taɓo ba takalmi har ƙofar gidanki, duk matan da kika karɓi haihuwarsu suna kallo."

Ta dube ni. Ta ce, "Ke ta ƙafa kika zo duniya."

"Uwata ma haka ta ce."

Ta koma ɗaki, ta durƙusa, ta cire igiyar daga wuyanta ta sa allon a tafin Tome. Mutumin da ya yi kwana goma sha biyu bai buɗe ido ba ya buɗe. Ya shafa lambar da babban yatsa, ya ce a ɗauko. Ya haɗa allo da allo, ya miƙa mata takalmin da hannu biyu, ya faɗi abin da yake faɗa wa kowane baƙo: "An sa ki jira. A sauka lafiya." Dangi suka fara jan hanci. Ya mayar da kai kan matashi, ya sauke dogon numfashi, fuskarsa ta yi sumul. Malamin haikalinmu, da ya yi mako yana cin abincina, ya gyara zama ya zaro carbi.

Sai Ritsu, tana dafa gwiwa za ta tashi, ta ce, "Ka huta lafiya, Tome-san. Ni dai tunda nake ban taɓa shiga gidan da ake ɓatar wa baƙo takalmi ba sai gidanka."

Ido ɗaya ya buɗe.

"Wane takalmi?"

Na taka mata gefen riga, amma da gangan ta yi, muguwa, ramuwa ce. Ta ce, "Wanda na zo da shi. Na tuɓe a ƙofarka, ya ɓace."

"A ƙofata?"

"A ƙofarka."

"An ba ki allo?"

"Wa zai ba ni? Kana kwance."

Ya dafa tabarma ya tashi zaune. Ya ce Fumi ta kawo masa wandonsa da sandarsa. Ya ce wa dangi kada wanda ya fita sai an duba kayansa. Malamin haikali ya mayar da carbinsa aljihu.

Shekara takwas ya ƙara a duniya. Ya leƙa ƙarƙashin kowane gida a unguwar, ya san kowane kare da ramin da yake ɓoye ƙashi, ya bi masu kwasar shara har juji. Ritsu ta riƙa ƙetarowa duk wata a kan takalminta mai jar igiya, ta tambaya ko an gani, ta ci abincin rana ta tafi. Sau biyu na buɗe baki zan faɗa masa gaskiya. Duka biyun da safe ne, ya ci shinkafa kwano biyu yana haramar fita nema, sai na rufe bakina na zuba masa na uku.